Na Taɓa Kuɗin Igama Don Kada Ƙawayena Su Raina Ni

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a Jidda, shekarata 32, 'ya'yana biyu. Maigidana yana aiki a wani kamfanin dakon kaya, albashinsa riyal 6,000. Ni kuma ina yi wa mata lalle, ina haɗa humra da turaren wuta. Wata mai albarka nakan samu 1,500, wani watan ko rabin haka ba na gani.

Muna da adashe mu goma, riyal dubu-dubu duk wata, kuma mai kwasa ita ke karɓar baƙi. Da muka fara, shayi ne da sambusa a falo. Yanzu sai an kama istiraha, wato gidan taro na haya, an yi odar mandi, shinkafa da nama irin ta Larabawa, kowa ta zo da sabuwar abaya da sabuwar jaka, a yi ta ɗaukar hoto ana sawa a Snapchat. Wata rana wata a cikinmu ta ɗauki wayata mai tsagaggen gilashi ta ɗaga sama ta ce, "Wannan kam tare kuka zo daga Najeriya?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma daren nan ban runtsa ba. A satin na ɗauko iPhone ta riyal 5,200 a biya kashi huɗu, saura kashi biyu. Da kwasata ta zo a wata na uku, dubu goman duka na kai kasuwar zinare na sayo sarƙa da 'yan kunne da awarwaro. Hidimar baƙin ranar da sauran ƙananan abubuwa suka sa na zari riyal 4,000 daga kuɗin da maigida yake ba ni ajiya na sabunta igamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar. Akwai kuma 1,500 na leshi da wata mai kawo kaya take bi na.

Maigida bai san komai ba. Na ce masa zinaren aro ne, wayar kuma kyauta aka yi mini. Saura wata biyu a sabunta igama. Ga shi nan da sati uku za a aurar da 'yar uwar adashenmu, an fitar da anko na riyal 900. Idan ban yi ba an gane ni, idan na yi na ƙara nutsewa. Ba na son rabuwa da su, su ne dangina a ƙasar nan. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika ce ke ma kin yi dariyar. Duk macen da aka taɓa muzantawa a cikin taro ta san wannan dariyar, baki na yi zuciya na tafasa. Saboda haka ba zan ce miki maganar waya ba ta kai ta hana mutum barci ba. Ta kai. Kina ƙasar da ba uwa ba uba, matan nan tara su ne za su zo miki barka, su ne za su zauna miki zaman makoki idan aka yi miki rashi a gida, su ne za su riƙe miki yara ranar da kika kwana a asibiti. Tsoron faɗuwa a idonsu ba wauta ba ce. Sai dai hanyar da kika bi don tsare mutuncin naki ita ce yanzu take neman zubar da shi, kuma a wurin wanda ya fi su duka muhimmanci.

Mu fara da lissafi, don na lura kin jero basussukan amma ba ki haɗa su ba, kuma na san dalili. Saura 2,600 na waya, 7,000 na zubin wata bakwai da ya rage, 4,000 na ajiyar maigida, 1,500 na mai leshi. Riyal 15,100 ke nan. Ke da yara biyu, a kan riyal 400 kowane mutum duk wata, kuɗin iyali, wanda gwamnati ke karɓa a kan iyalin baƙo mai igama, da maigidanki zai biya a shekara 14,400 ne. Wato abin da ke wuyanki ya zarce kuɗin zamanku ku uku na shekara guda cur. Sannan ki duba wata biyu masu zuwa: kowane wata zubi 1,000, waya 1,300, jimla 2,300, alhali a wata mafi kyau 1,500 kike samu. Ko da ba a yi bikin nan ba, lalle da humra ba za su fitar da ke ba. Na faɗi haka ne don ki cire rai daga tunanin da na tabbata kina yi, cewa za ki lallaɓa ki mayar da dubu huɗun kafin ya tambaya.

Abin da ya same ki ba ke kaɗai ba ce, kuma ba halin matan Jidda ba ne kawai. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya yi bayanin cewa mutum yana auna kansa ne da mutane, kuma ba da kowa ba, da waɗanda yake gani sa'o'insa ne. Ki gwada a kanki. Sau nawa kika wuce shagunan titin Tahliya kika ga matan attajirai suna fitowa da jakunkunan da kuɗinsu ya fi albashin maigidanki na wata uku? Kin taɓa rasa barci a kansu? Ba ki taɓa ba, don ba ki sa kanki a layinsu ba. Amma awarwaro biyu a hannun wadda kuke cin abinci a faranti ɗaya ya isa ya dagula miki lissafi. A ƙasar Holan akwai wata caca da ake yi unguwa-unguwa, Allah ya raba mu da ita, wadda a cikin kyaututtukanta har da sabuwar mota. Masu bincike suka bi diddigi, suka wallafa a 2011 cewa maƙwabtan waɗanda suka ci, waɗanda ko tikiti ba su saya ba, sun fi sauran mutane sauya mota bayan haka. Daga baya aka yi makamancin binciken a Kanada, aka ga yadda kuɗin da mutum ya ci ya ƙaru, haka yawan maƙwabtansa da suke karyewa saboda bashi yake ƙaruwa, kuma abin da aka fi samu a hannunsu kayan da ido ke gani ne, irin su mota da gida. Ko sisi bai ƙaru a aljihunsu ba. Abin da ya sauya kawai shi ne abin da suke gani a ƙofar gidan maƙwabci.

Adashenku ya ma fi zaman maƙwabtaka tsanani, saboda an haɗa kwasa da karɓar baƙi. Ranar da kuɗi mai kauri ya shigo hannun mace, ranar ce kuma idon mata tara yake kanta. Wadda ta fara kama istiraha wataƙila falonta ne ya yi mata kaɗan. Ta biyu ta kama don kada a ce ta gaza ta farko. Zuwa ta uku ya zama doka, kuma ba wadda ta zauna ta kafa ta. Kowacce tana ƙara kaɗan don ta tsaya inda take, ƙarshe kowa ta kashe ninki, kuma jerin bai sauya ba, mai kuɗin da ke gaba tana nan gaba.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai a amsar nan. Ku goma kuna zama a kan kafet ɗaya kuna Hausa ɗaya, amma ba ƙasa ɗaya kuke takawa ba. Hausawa sun daɗe a Hijaz. Akwai gidajen da kakanninsu suka taho a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago, suka tsallako teku daga Sawakin tun kafin a haɗe ƙasar nan da sunan Saudiyya a 1932. Jikokinsu da yawa 'yan ƙasa ne, ga su nan da sunan Hausawi a makarantu da ma'aikatu da filayen ƙwallo. Akwai kuma wanda aka haifa a Makka amma har gobe da igama yake zaune, akwai irinku da kuka zo da bizar aiki. Ban san matan adashenku ba, amma da wuya a tara Hausawa goma a Jidda ba a samu wannan bambancin ba. 'Yar ƙasa ba ta biyan kuɗin iyali. Mai yiwuwa gidan da take ciki na gado ne. Mai yiwuwa gidansu yana karɓar tallafin Hisabul Muwaɗin da gwamnati ta fara bai wa 'yan ƙasa a Disambar 2017. Ke kuwa kuɗin iyalin nan da aka fara a Yulin 2017 a kan riyal 100, ya koma 200, ya koma 300, ya tsaya a 400 tun Yulin 2020, a watan da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Aka zo aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulel daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutanenmu suka watsu suna neman haya, kuɗin haya ya yi sama. Dubu ɗaya a hannun waccan rarar kuɗi ce. Dubu ɗaya a hannunki wata biyu da rabi ne na zaman ɗanki a ƙasar. Kina kallon wuyanta kina auna kanki da ita, alhali ba ki taɓa ganin takardun da ke cikin durowarta ba, ita ma ba ta ga naki ba.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika faɗa a fili ba. Baƙar fata mai igama a ƙasar nan ta san irin kallon da ake yi mata a wasu shaguna da wasu ofisoshi kafin ta buɗe baki. Idan ta sa zinare ta riƙe babbar waya, wani lokacin kallon yakan sassauta. Wasu masana tattalin arziki uku a Amurka sun wallafa bincike a 2009 da ya nuna baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna kashe kaso mafi girma na kuɗinsu a tufafi da kayan ado da mota fiye da fararen da suke samun kuɗi daidai da su. Da suka tona, sai suka ga ba launin fata ne dalili ba. Duk wanda ya fito daga jama'ar da ake yi wa kallon talakawa yana jin dole ya nuna a jikinsa cewa shi ba haka yake ba, har fararen da ke jihohi matalauta ma haka suke yi. Kuɗin kuma daga wani wuri ake yanko shi, daga karatu da lafiya da ajiya. Wannan ya yi kama da mu ƙwarai. Mu ma ta fuska biyu ake matsa mana: a nan kada a raina mu, a gida kuma kada a ce an je Saudiyya an dawo hannu rabbana. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, riyal kuwa yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, duk hoton da kika sa 'yan'uwa a gida suna buga shi da canjin ranar. Ina kyautata zaton tun da sarƙar nan ta bayyana a wayarki, buƙatun da ake turo miki daga gida sun ƙaru. Wannan ma yana cikin kuɗin sarƙar, ba a dai rubuta shi a rasit ba.

Game da ƙawayenki, ba zan ce miki miyagu ba ne. Wadda ta ɗaga wayarki ta yi rashin ta ido, ko da wasa take nufi, kuma da a ce a lokacin kin ce mata, "Eh, tare muka zo, ta fi wasu amana," da an yi dariya an wuce wurin. Amma ki sani wadda ta natsu da abin da take da shi ba ta cika bin wayar mutane da kallo ba. Kuma zan iya cewa, ba tare da na san su ba, a cikin taran nan akwai wadda ita ma take kwana tana juyi kamar ke, tana kallonki da sabuwar sarƙa tana cewa ita ce kaɗai aka bari a baya. Kin ga ke ma, ba da niyya ba, kin zama abin da ke hana wata barci. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Abin da ya sa na kawo shi, matar ba ɓarauniya ba ce, ba ta cuci kowa da kuɗi ba, so take kawai kada a gan ta a ƙasa. Irin wannan jarabawar tsohuwa ce, har a Madina an yi ta.

Sai maigida, wanda shi ne ainihin maganar. Ki tsaya a inda yake tsaye. Mutum ne da yake yanke wani abu daga dubu shida duk wata, bayan haya da cefane da makaranta, ya miƙa miki don ya fi yarda da hannunki a kan nasa. A ransa kuɗin nan suna nan cif. Idan sai ranar da ya tashi biya sannan ya ji babu, abu biyu za su faɗo masa lokaci ɗaya: kuɗin da ba shi da lokacin nemowa, da labarin cewa watanni kina kallon idonsa kina faɗa masa abin da ba haka ba. Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ne yake ƙaruwa duk kwanan da kika ƙara. Kin kuma san abin da igamar da ta mutu take jawowa: tara, asusun banki ya tsaya, harkar makarantar yara da asibiti ta cije. Don haka shawarata ba ta da kwana-kwana, ki faɗa masa cikin satin nan, kafin bikin.

Amma kada ki je masa da kuka kaɗai. Ki je da takarda. Ki zaɓi daren da ba shi da aiki washegari, yara sun yi barci, ya ci ya ƙoshi. Ki ce, "Abban yara, na yi maka laifi, ina so ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri." Ki faɗi duka a zama ɗaya, har wayar da zinaren, kada ki rage wani don gobe, domin abin da aka gano daga baya shi ke kashe yarda. Sannan ki ajiye masa lissafin da yadda za ki biya. Zai yi fushi, haƙƙinsa ne, ki bar shi ya yi, ko da zai kwana biyu ba ya sakin fuska. Kada ki kare kanki da cewa ai matan wasu an saya musu, wannan maganar wuƙa ce ga namijin da yake iya ƙoƙarinsa. Idan kin san mai zafin hannu ne, ko mai saurin furta saki, to kada ki yi shi ke kaɗai. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, ko malamin da yake sallah a bayansa, a yi maganar a gabansa. Wanda za ki zaɓa ya zama mai riƙe sirri, kuma kada ya zama mijin ɗaya daga cikin matan adashen.

Shi ma akwai abin da zan ce masa da zai karanta. Mace a ƙasar da ba tata ba tana da hidimar biki da suna da gudummawa, kuma idan ba a ware mata wani abu sananne na wannan ba, ko ɗari biyu ne a wata, za ta nemo shi ta inda bai dace ba. Maza kuma kada su yi mana dariya. Nasu gasar a mota take, da agogo, da wanda ya fi aika kuɗin gini gida. Idan ƙura ta lafa, ki nemi ku yanke wannan kason tare.

Ta ina kuɗin za su fito? Daga wuyanki. Cikin duk abin da kika saya, zinaren ne kaɗai bai ci amanarki ba. Farashinsa a duniya ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris ɗin 2025, ya haura 4,000 a Oktoban shekarar, saboda haka ba kaya ne da ake rasa mai saye ba. Amma ki shirya ranki: ba za a ba ki abin da kika biya ba sai in farashi ya tashi sosai tun ranar. Ladan ƙira da suke kira masna'iyya ba ya dawowa, harajin da kika biya ba ya dawowa, idan akwai duwatsu a jiki za a cire nauyinsu. Ki ɗauki rasit ɗinki da igamarki, ki duba farashin giram na ranar a wayarki kafin ki fita, ki fara da shagon da kika saya, sannan ki taka zuwa biyu ko uku a Balad, tsohuwar kasuwar cikin gari, ki ji bakinsu. Ki tsaya a auna a gabanki, ki ga lambar sikelin da idonki. Abin da kike bukata 8,100 ne, na maigida da na waya da na mai leshi. Mai yiwuwa sai sarƙar da awarwaron sun tafi duka, 'yan kunnen su rage miki. Idan kuɗin bai kai ba, dubu huɗun ajiya ne farko, sai waya, mai leshi kuma ki je ki same ta ki nemi ta raba miki biyu. 'Yan kasuwarmu sun fi haƙuri da wanda ya zo da ƙafarsa a kan wanda yake kashe waya.

Wayar ki riƙe abarki. Da zarar an buɗe kwali ta faɗi, sayar da ita yanzu asara biyu ce. Ki dai biya ragowar a kan lokaci, don jinkirin irin wannan biyan yana iya shiga rajistar bashi ta SIMAH ya ɓata miki suna, sannan ki goge manhajojin biya kashi-kashin daga wayar. Ba haramun nake ce miki ba ne, malamai ne masu wannan maganar. Matsalarsu a wurin mai rauni irin na yanzu ita ce suna sa 5,200 ya yi kama da 1,300. Abu ɗaya kuma da nake roƙonki da girman Allah: kada ki je wurin masu ba da bashi a bayan fage su sa ki, ko su sa maigida, hannu a takardar sanad li amr don ki toshe ramin nan a ɓoye. Takarda ce da ake kai wa kotun zartarwa kai tsaye, kuma tana iya kai mutum ga rufe asusu da hana fita ƙasar. Gara fushin maigida sau goma.

Adashen kuwa ba ki da hanyar fita yanzu, kuma bai kamata ki nema ba. Kin kwasa, kuɗin mutane ne a hannunki, wata bakwai sai kin zuba. Wannan shi ne mutuncin da ya cancanci ki yi masa wahala, don a cikin mata ba abin da ke bin mutum kamar a ce ta ci adashe. Idan sauran basussukan sun tafi, dubu ɗaya a wata abu ne da sana'arki za ta iya ɗauka mafi yawan lokaci, watan da ya gaza maigida ya san da zancen. Kafin zagayen ya ƙare, ki nemo wadda kika fi yarda da ita a cikinsu, ku sha shayi ku biyu, ki ce mata, "Ni fa hidimar nan ta fara fin ƙarfina." Ki ga yadda fuskarta za ta yi. Idan kun zama biyu, ku nemi ta uku, sannan ku je wa uwar adashe, ba a cikin taro ba. Abin da za ku nema kaɗan ne: a raba ranar kwasa da ranar walima, a koma falo, abinci kala biyu, anko ya zama na ganin dama. Gasar da ba wadda ta kafa ta, mutum ɗaya ba ya iya tsayar da ita, amma uku suna iyawa, musamman idan babbar cikinku ce ta furta, don ita ba wanda zai ce talauci ne ya sa ta. Idan suka ƙi, sai ki gama zagayenki lafiya, ki ce bana za ki huta, ki shiga na ɗari uku da matan da aljihunku ya yi kusa. Zumunci ba ya bukatar zubi. Za ki ci gaba da zuwa barka da gaisuwa, wadda ta yanke ki saboda kin daina zubi kuma kin rage kaya.

Ankon nan kada ki yi shi. Ki je gidan uwar amarya tun yanzu, kafin hidima ta kankama, ki ce, "Hajiya, bana ankon ya fi ƙarfina, amma lallen amarya da na ƙawayenta biyu a wuyana, ga kuma humrar amarya." Abin da hannunki yake yi kuɗi ne a wurin wasu, kuma ranar biki hannun amarya kowa ke kamawa yana tambayar wa ya yi. Uwar da ke aurar da 'ya tana cikin lissafin da ya fi naki zafi, wadda ta rage mata kashe kuɗi ba ta manta ta. Ranar taro ki sa leshin nan da ake bin ki kuɗinsa, ai sabo ne, ki zaɓi mayafi mai kusa da launin ankon. Idan wata ta tambayi sarƙa, ki ce kin juya kuɗin, ki ci gaba da abin da kike yi. Gaskiya kika faɗa, kuma ba wanda yake bin ki bayani. Za a yi ƙus-ƙus, ba zan ɓoye miki ba. Sati biyu ne, wani bikin ya zo a samu sabon zance.

Ban ce ki daina ado ba. Mace ce ke, kuma sana'arki ma ta ƙawa ce, mai sayar da ƙamshi ba ta fita a yamutse. Ki dai sa wa kanki ƙa'ida ɗaya: duk abin da ranki ya biya a wurin taro ko a Snapchat, ba za ki saya ba sai ya kwana bakwai, kuma da kuɗin da ke hannu. Waɗanda hotunansu suka fi tayar miki da hankali ki rufe labaransu na ɗan lokaci, ba za su sani ba. Sannan ki tambayi maigida ko kamfaninsu zai yarda a sabunta igamar wata uku-uku, tunda an buɗe wannan damar tun 2021, ko da nauyin zai ragu a wannan karon. Kuɗin ajiyar kuma, idan an mayar, ki ce a bar su a asusunsa zuwa wani lokaci. Ke ki fara faɗa kafin shi ya nema.

Gobe da safe ki nemo rasit ɗin zinaren ki duba giram nawa ne, ki buga da farashin ranar, don ki shiga wurin maigida da lamba a hannu. Idan kun yi maganar, ki sake rubuto mini yadda ta kaya, musamman idan kina bukatar a tayaki tsara abin da za ku faɗa wa uwar adashe. Allah ya rufa asiri, ya sanyaya zuciyar Abban yara.